Marubutan talabijin na Amurka sun yi kwana 148 suna yajin aiki, me ya sa katun bai tsaya ba?

Abban_Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana min yawo a kai, yau dai na ce bari in tambaya. A 2023 marubutan fina-finai da talabijin na Amurka sun ajiye alƙalami daga 2 ga Mayu har 27 ga Satumba, kwana 148 cur. Shirye-shiryen hira na dare tun makon farko suka tsaya cak. Masu dogon zango irin su NCIS sai a Fabrairun 2024 suka dawo. Amma The Simpsons fa? Ranar 1 ga Oktoba, kwana huɗu da janye yajin, sai ga sabon zango na 35 kamar ba a yi komai ba. Yarana ma ba su ga wani canji a tashoshinsu ba. Ni abin da na ɗauka shi ne katun bai dogara da marubuci ba, mai zane ne komai nasa. Ko kuwa kuskure na yi?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Abban Sadiq, ai yara ba ma'auni ba ne a nan. Autata ta kalli kashi ɗaya na Tom and Jerry ya fi sau ashirin, kuma kullum dariyar sabuwa ce. Ko shekara aka yi ba a kawo sabo ba, ba za ta sani ba. Tashoshin ma sun san da haka, shi ya sa suke ta maimaici.

Mai_Zane_Zariya: Yaya Abban Sadiq, a gaskiya kuskure ka yi, kuma maganar ta ɗan sosa min rai tunda sana'ata ce, ko da yake ƙananan katun nake yi ina ɗorawa a YouTube. Ba na iya ɗora alƙalami a kan allo sai na san wa zai yi magana, me zai ce, a ina dariyar za ta faɗo. Abin da ya ruɗe ka lokaci ne. Kashi ɗaya na The Simpsons yakan ci wata shida zuwa tara, wani lokaci fiye, daga rubutu zuwa haskawa. A rubuta, a zauna a karanta tare da masu murya, a ɗauki muryar, a zana jerin hotunan labarin, a haɗa su da sauti a duba, sannan a tura Koriya ta Kudu a yi ainihin zanen motsin, ya dawo a sa kiɗa. Wanda ka gani a Oktoban 2023 an gama rubuta shi tun kafin kowa ya ɗaga kwali. Manomin da ya ƙi shiga gona bana ba a bana zai ji yunwa ba muddin rumbunsa na da hatsin bara.

Sani Gwale: Gaskiya ne. Ni minti biyu kacal na taɓa gani ana haɗawa, ya ci mako uku.

Malam_Habu_Tarihi: Bayanin Mai Zane daidai ne, amma rabin amsar ke nan. Ɗaya rabin shi ne ƙungiya biyu ce, ba ɗaya ba. Wadda ta shiga yaji ita ce WGA, ƙungiyar marubutan fina-finai da talabijin ta Amurka, mai mambobi kimanin 11,500 a lokacin. Yawancin masu rubuta katun na yara, wato na Disney da Cartoon Network da Warner Bros. da Nickelodeon da DreamWorks, ba a ƙarƙashinta suke ba. Suna cikin ƙungiyar masu zane, The Animation Guild, reshe na 839 na babbar ƙungiyar ma'aikatan bayan fage, IATSE. An kafa ta a 1952. Yarjejeniyarsu daban take, kuma muddin ba ta ƙare ba doka ta ɗaure su, ba su da ikon ajiye aiki don taya wasu. Da yawansu sun fita zanga-zangar nuna goyon baya a lokacin hutunsu, sannan su koma ofis.

Asalin rabuwar kuma tsoho ne. A zamanin su Walt Disney ba a rubuta gajeren katun a takarda kamar wasan kwaikwayo. Masu zane ne suke zana labarin hoto bayan hoto su manna a bango, su tsaya suna gyarawa. Saboda haka aka lissafa mai tsara labari cikin masu zane. Da zamani ya juya aka fara rubuta katun shafi-shafi da tattaunawa, sai sunan ya zauna yadda yake.

Abban_Sadiq: To Malam, ashe dai da ɗan gaskiyata kenan, tunda ka ce masu zane ne suke ƙirƙirar labarin.

Malam_Habu_Tarihi: Da ɗan gaskiyarka a kan irin su Tom and Jerry, har ma da SpongeBob na farko-farko, inda ake ba masu zane taƙaitaccen labari su cika sauran. Amma ka lura, wannan ma rubutu ne, da zane kawai aka yi shi. The Simpsons da ka kawo misali kuwa, ɗaki guda ake cikawa da marubuta, kuma 'yan WGA ne. Tun 1998 katun huɗu na tashar Fox masu fitowa da dare suka shiga ƙarƙashinta: The Simpsons, King of the Hill, Futurama da Family Guy. Su sun shiga yajin sosai.

Ɗan Damagaram: Ni yajin marubutan na 2007 na fi tunawa. Lokacin muna sayen faifan DVD mai ɗauke da zango guda cur, mu taru a shagon wani abokinmu bayan isha'i. Muka sayi Prison Break zango na uku muka ga kashi 13 ne kawai, muka koma muka kama mai faifai da faɗa wai ya sayar mana da rabi. Bawan Allah yana ta rantsuwa iyakarsa ke nan. Sai daga baya na gane yajin aiki ne ya gutsure shi. Shirin 24 kuwa shekarar 2008 gaba ɗaya ba a kawo sabon zango ba, sai Janairun 2009. Allah ya yafe mana, mun ɗauki alhakin mutumin nan.

Zee_Kaduna: Ni ma Avatar: The Last Airbender na tuna. An tsaya a tsakiyar zango na uku daga ƙarshen Nuwamban 2007, ba a ci gaba a Amurka ba sai Yulin 2008. Yajin ne ya jawo, ko?

Malam_Habu_Tarihi: A'a ƙanwata, lokacin ne kawai ya zo ɗaya. Na Nickelodeon ne, marubutansa ba sa cikin yarjejeniyar WGA. Mutane da yawa sun ɗora wa yajin laifin, amma tsarin haskawa na tashar ne.

Zee_Kaduna: Na gode Malam. Shekara da shekaru ina ɗauke da wannan fahimtar.

Injiniya Bello: Tunda an tabo na 2007, bari in kawo labarin Family Guy, don shi ne ya fi nuna abin da Mai Zane ya faɗa da kuma iyakarsa. Yajin ya fara 5 ga Nuwamba 2007, ya ƙare 12 ga Fabrairu 2008, kwana 100. Seth MacFarlane shi ya ƙirƙiri shirin, kuma shi yake yin muryar Peter da Stewie da Brian da Quagmire. Ya fita ya bi sahun masu yaji. Akwai wasu kashi da suka kusa kammaluwa amma bai yi musu duban ƙarshe ba. Fox ta ƙarasa su da kanta ta haska ba da amincewarsa ba, shi kuma ya fito fili ya nuna ɓacin ransa. Duk da haka zango na shida a kashi 12 ya tsaya, alhali na biyar 18 ne. Wato rumbun yana ƙarewa. Kuma ko hatsin da ke ciki sai an sussuka an sheƙe, domin a katun irin wannan ana sake rubuta barkwanci har bayan zanen ya dawo daga waje. A Mayun 2023 ma shi da shugabannin Family Guy da American Dad sun sake janye hannu har aka sasanta.

Hajiya Turai: Ni duk wannan bai sa na tausaya musu ba. Mutanen da ke karɓar dala dubbai a mako su ne za su tsayar da garin kowa? Ku tuna da mai ɗaukar fitila, da mai ɗinkin kaya, da direba, da mai dafa abinci. Su ba su da kaso a komai, amma su suka fara rasa abin sawa a baki. Cibiyar Milken ta ƙiyasta cewa yajin 2007 ya jawo wa jihar Kalifoniya asarar dala biliyan 2.1. Mu nan mun ga yadda wata takwas na yajin ASUU a 2022 ya yi da 'ya'yanmu da masu ƙananan sana'a a bakin jami'o'i. Yaji ba abin wasa ba ne.

Usman_LA: Hajiya, ina gaisuwa. Ni a Los Angeles nake, ina tuƙin mota ina kai saƙon abinci, kuma unguwar Burbank, inda Disney da Warner Bros. suke, nan ce kasuwata. Maganarki akwai gaskiya a ciki, don ni kaina na ji a jikina. A watannin nan cinikina ya ragu ƙwarai, wani ɗan gidan abinci da nake ɗaukar saƙo a wurinsa sai da ya sallami ma'aikata biyu. Amma zancen dala dubbai a mako, ki tambayi mako nawa suke samun aikin a shekara. Da can shiri yakan yi kashi 22, marubuci ya yi kusan shekara yana aiki. Yanzu na manhajojin intanet kashi takwas ne ko goma, a tara mutum kaɗan na 'yan makonni a sallame su. Na sha ɗaukar marubuta a mota, wasunsu ma irin aikina suke yi da dare. Kuma abin da idona ya gani, direbobin manyan motocin kamfanonin da kansu suke ƙin tsallaka layin masu zanga-zanga. Da suna ganin marubutan a matsayin azzalumai da ba su yi haka ba.

Hajiya Turai: Usman, ina amsawa, Allah ya tsare ka a ƙasar mutane. Na ji, amma har yanzu ina ganin wata biyar ya yi yawa. Duka ɓangarorin biyu da sun so da sun gama tun a wata na biyu.

Kwamared Ladi: Hajiya, wanda ke riƙe da lalita shi ke ja da lokaci. Ƙungiyar kamfanonin, AMPTP, sai da aka yi wata uku kafin ta dawo teburi a Agusta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san babu mai son ajiye aiki. Ana kai mutum bango ne.

Kuma ina so in dawo da mu kan tambayar Abban Sadiq, don akwai abin da muka tsallake. Muna cewa katun na yara bai tsaya ba kamar abin murna ne. A wurin masu rubuta shi ba abin murna ba ne. Mafi ƙarancin albashinsu yana ƙasa sosai da na 'yan WGA, alhali aikin iri ɗaya ne. Sannan ɗan WGA duk lokacin da aka maimaita shirinsa ko aka sayar wa wata ƙasa, akwai kason da ke shiga aljihunsa kai tsaye. Ɗan reshe na 839 ba ya ganin wannan a hannu, kuɗin yana tafiya asusun lafiya da fansho na gamayya ne. Ku haɗa wannan da maganar Maman Ilham ta farko. Wane shiri ake maimaitawa kamar katun na yara? Wanda aikinsa ya fi yawo a duniya shi ne ba ya samun ladan maimaici. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maman Ilham: Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Malam_Habu_Tarihi: Kwamared ta taɓo inda ke ciwo. Kuma abin da zai ba ku mamaki, shugaban reshen WGA na yammacin Amurka a yajin 2007, Patric Verrone, marubucin katun ne, ya yi aiki a Futurama. Cikin buƙatun da suka shiga yaji da su har da a shigar da marubutan katun da na shirye-shiryen gasa ƙarƙashin ƙungiyar. Kamfanoni suka kafe, shugabannin IATSE ma ba su so ba tunda mambobinsu za a ɗebe. A Janairun 2008 WGA ta janye wannan buƙata don a samu a koma tattaunawa. Abin da suka riƙe gam shi ne haƙƙinsu a shirye-shiryen da ake haskawa ta intanet.

Dalilinsu kuwa an taɓa cizonsu. A shekarun 1980, lokacin da kaset ɗin bidiyo ya fito, kamfanoni suka ce sabuwar kasuwa ce, ba a san ko za ta yi riba ba, a karɓi kaɗan tukuna. Wannan kaɗan ɗin ya zauna sama da shekara ashirin, har zamanin DVD marubuta suna samun kamar santi 4 a faifan da ake sayarwa kusan dala 20. Da aka sake kawo musu irin wannan magana a kan intanet sai suka ƙi. A lokacin Netflix bai fi shekara da fara haska fim ta intanet ba. Da ba su dage ba, da duk shirye-shiryen da aka yi wa manhajoji daga baya a wajen yarjejeniyar za su kasance.

Sani Gwale: Kenan an sayar da marubutan katun don a ceci sauran.

Kwamared Ladi: Ban ce an sayar da su ba, Malam Sani. A teburin sulhu ba a tashi da duka abin da aka zo da shi. Amma su ɗin da aka bari a baya suna da haƙƙin jin zafi.

Nura_Otaku: Ni dai Naruto nake kallo a lokacin, kuma ko gezau. Japan daban take, babu ruwansu da ƙungiyoyin Amurka.

Mai_Zane_Zariya: Babu ruwansu, amma kada ka yi sha'awar halin da masu zanen can suke ciki, Nura. Ƙananan masu zane da yawa a kan kowane hoto ake biyansu, kuɗi kaɗan, ga dogon zama. Rashin yaji ba shi ke nuna lafiya ba.

Injiniya Bello: Akwai wanda bai shiga yajin ba har ma ya yi masa ba'a. South Park ba ya ƙarƙashin WGA, kuma shi ne ya saɓa wa ƙa'idar wata tara, don cikin kwana shida suke haɗa kashi guda da kwamfuta. A farkon Afrilun 2008 suka fitar da wani kashi inda ƙasar Kanada ta shiga yaji tana neman kuɗin intanet, a ƙarshe ta tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Kowa ya gane da wa suke. Abin da ya ɓata min rai shi ne, watanni kaɗan kafin yajin, a Agustan 2007, Trey Parker da Matt Stone, waɗanda suka ƙirƙiri shirin, sun ƙulla tasu yarjejeniyar da ta ba su rabin kuɗin tallan shirin a intanet. Sun san darajar abin sarai. A 2021 kuma aka ruwaito sun sa hannu a kan ta dala miliyan 900. Kai ka samu naka don kana da ƙarfi, sannan ka yi wa marasa ƙarfi dariya don sun haɗa kai suna neman ɗan kaɗan daga irinsa.

Nura_Otaku: Yallabai, su fa kowa suke zolaya, ba su bar kowa ba. Kuma a lokacin da gaske ne kuɗin intanet bai kai ya kawo ba.

Injiniya Bello: In bai kai ya kawo ba me ya sa suka nemi rabi?

Marubuciya_Fagge: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni ina rubuta labarin fim a nan Kano. Shekarun baya na rubuta wa wani furodusa labari mai dogon zango, ya biya ni sau ɗaya, kuɗin ma kashi-kashi sai da na yi ta sintiri. Fim ya fita, ya karɓu, aka ɗora a YouTube, aka kai tasha, har yau ana kallo. Ko sisi bai ƙara shigowa hannuna ba, sunana ma a can ƙarshe aka sa cikin ƙananan haruffa. Shi ya sa da Kwamared ta yi bayanin marubutan katun sai na ji kamar da ni take. Mutane suna ganin fuskar jarumi, ko zanen da ke motsi, su manta akwai wanda ya kwana yana neman kalmar da za ta sa su dariya ko kuka. Yaya Abban Sadiq, ba laifinka ba ne, amma tambayarka ita ce ainihin abin da muke fama da shi.

Abban_Sadiq: Allah ya ba ki haƙuri Malama, wallahi ba da nufin raini na yi ba. Na janye maganar cewa mai zane ne komai. Amma har yanzu ina da saura. Tunda 'yan wasa ma sun shiga nasu yajin daga 14 ga Yuli zuwa Nuwamban 2023, wa ya yi muryoyin?

Usman_LA: Shi ma takarda daban ce. Ƙungiyar 'yan wasa, SAG-AFTRA, tana da yarjejeniya ta musamman a kan katun na talabijin, kuma ba ta cikin waɗanda aka shiga yaji a kansu. Ɗan wasa ba zai tsaya gaban kyamara ba, amma zai iya shiga ɗakin ɗaukar murya. Shi ya sa Fox ta jingina da katun a ƙarshen shekarar, ta cika daren Lahadi da The Simpsons da Bob's Burgers da Family Guy da wani sabo mai suna Krapopolis.

Hajiya Turai: To kun gani, katun ɗin ma shi ya ba kamfanoni numfashin da suka ja yajin da shi.

Kwamared Ladi: A nan kam mun haɗu, Hajiya. Duk abin da ke cikin rumbu makami ne a hannun mai kamfani.

Zee_Kaduna: Ni abin da ke damuna gaba shi ne ƙirƙirarriyar basira. A sulhun 2023 WGA ta samu a rubuce cewa ba za a ɗauki abin da na'ura ta fitar a matsayin aikin marubuci ba, kuma ba za a tilasta wa marubuci amfani da ita ba. Masu zane fa? Su ai har hoton ma na'urar tana yi.

Mai_Zane_Zariya: Shi ne babban abin da ƙungiyar masu zane ta yi ta fama a kai a tattaunawarta ta 2024. An amince da yarjejeniyar a Disamba, amma mambobi da dama sun fito sun ce kariyar ba ta kai yadda suke so ba. Kuma suna da tsohon tabo. A 1982 sun yi yajin mako goma don hana kai aiki ƙasashen waje, suka sha kaye, aikin zanen ya tafi Asiya. Ni kaina na gwada na'urar a wani gajeren aiki. Ta zana min kasuwa da kyau, amma ta sa wa mai shayi hula irin wadda ban taɓa gani a kan Bahaushe ba, hannun butar kuma kowane hoto da inda yake fitowa. Kwana biyu na yi ina gyara.

Ɗan Damagaram: Malam Habu, tambaya ɗaya. Na 2023 shi ne mafi tsawo da suka taɓa yi?

Malam_Habu_Tarihi: A'a, na 1988 ya ɗara shi, kwana 153, daga Maris zuwa Agusta. The Simpsons a lokacin gajerun zane ne a cikin shirin Tracey Ullman, sai a Disamban 1989 ya zama shiri mai cin gashin kansa.

Maman Ilham: Marubuciya, don Allah in kin sake rubuta wani ki sa a yi takarda tun farko, har da maganar YouTube. Ƙanwata lauya ce, in kina so in haɗa ku ki yi min magana ta gefe.

Marubuciya_Fagge: Na gode Anti, zan tuntuɓe ki bayan magariba in sha Allah. Akwai wani da muke magana da shi yanzu, kuma katun yake so a yi, na yara, kashi goma.